SA'O'IN 'SANGAYA': Kayan zamanin da aka haifa a 2000 da abin da suka yi wa fim a Ɗanbatta

A shekarar da kaset ɗin 'Sangaya' ke tashe, kamfanonin duniya sun fito da wasu sababbin kaya: na'urar gem, wayar hannu, karen roba mai haushi, da wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ba wanda ya kula da su. Wasu sun iso Ɗanbatta, wasu ko hanya ba su sani ba. A cikinsu akwai wanda ya tashi kasuwar kaset da faifai baki ɗaya.

Duk wanda ya shiga kasuwar Ɗanbatta ranar Lahadi, ya zaga ta kara ya ratso ta 'yan hatsi, da wuya ya fita bai ci karo da teburin masu cajin waya da masu tura fim ba. Matashi ne zaune gaban kwamfuta, wayoyi jere a gabansa kamar 'yan tsaki, lasifika tana ta zuba waƙa. Mutumin ƙauye ya sayar da akuyarsa ko buhun geronsa, sai ya ratse, ya kwance wata 'yar leda daga aljihu, ya ciro memori ya ce a cika masa. Kafin ya gama shan ruwan leda an zuba masa finafinan da zai yi mako yana kallo, shi da iyalinsa.

Mai karatu, in shekarunka ba su wuce ashirin ba, za ka ɗauka haka duniya ta taso. Ina! Wannan ɗan abin da bai kai farcen ɗan yatsa ba yana da tarihi, kuma tarihinsa ya faro ne a shekarar da harkar finafinan Hausa ke samun kuɗi da kaset. Shi ya sa muka ce bari mu waiwaya shekarar 2000, mu jero kayan da aka haifa a cikinta kamar yadda ake jera sa'o'in juna, mu ga abin da kowannensu ya zama.

LOKACIN DA KWALI KE MAGANA

Da farko bari mu tuna yadda gida yake a lokacin. Shekara goma ke nan da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fito da 'Turmin Danya' a 1990, fim ɗin da ake lissafawa a matsayin na farko a finafinan bidiyo na Hausa da aka kai kasuwa. Zuwa 2000 harka ta kankama. 'Sangaya' na kamfanin Sarauniya, wanda Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni, shi ne a bakin kowa: Ali Nuhu ɗan sarki, Fati Mohammed yarinyar da ke aikatau a gidan sarauta, ga kiɗan fiyano da ya shiga kan yara da manya. A shekarar ce kuma 'Wasila' na Yakubu Lere ya fito, haka 'Mujadala' na kamfanin FKD. Ba gidan biki, ba shagon tela, ba motar haya, ko'ina waƙoƙin finafinan nan ne.

Yadda kuɗi ke shiga aljihun mai fim a lokacin abu ne mai sauƙin ganewa. Furodusa ya gama aiki, sai ya buga kwalaye masu ɗauke da hoton 'yan wasa, ya kai babban kaset wurin 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai da Bata. Su ne masu na'urorin gurzawa. Sukan jera bidiyo bisa bidiyo, su gurza fim ɗin a kan kaset ɗin da ba komai a cikinsa, sannan su sayi kwali a hannun furodusa su saka. Ke nan ribar furodusa tana cikin kwali. In an sayi kwali dubu goma, ya san kaset dubu goma ya tafi. Akwai masu ha'inci tun a lokacin, ba a rasa nono a ruga, amma dai akwai abin da ake riƙewa a hannu a ƙirga.

Daga Kano kaset ke hawa mota ya biyo hanyar Kazaure da Daura, ya sauka Ɗanbatta, daga nan ya watsu ƙauyuka. Ba kowane gida ke da bidiyo ba. A unguwa guda sai ka samu gida ɗaya ko biyu, in an kawo wuta sai tsakar gidan ya cika da matan maƙwabta da yara, har kan katanga. Samari kuwa sai gidan kallo: rumfar zana ko ɗakin langa-langa, benci a jere, janareta na ƙugi a waje, mai gida a bakin ƙofa yana karɓar kuɗi. Ga masu ba da hayar kaset, kwana ɗaya ka mayar, in ka ƙara kwana ka ƙara kuɗi. Wanda ya yi zamanin ya san takaicin a zo daidai wurin waƙa bidiyo ta cinye zare, a buɗe ta a goge kai, a tariyo, 'yan kallo na ta tsaki.

A watan Disamba na wannan shekara gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim bayan ƙaddamar da Shari'a, har sai da aka kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001 sannan aka ci gaba. Hankalin 'yan fim duk yana can. Ba wanda ya san cewa abin da zai fi girgiza sana'ar yana can ana ƙera shi a Japan da Singafo.

BABBAN YAYA: PLAYSTATION 2

A cikin sa'o'in nan, wanda ya zo da ƙarfinsa shi ne PlayStation 2 na kamfanin Sony. Ranar 4 ga Maris, 2000 aka fara sayar da shi a Japan, mutane suka kwana a layi, cikin 'yan kwanaki aka sayi kusan miliyan ɗaya. A watan Oktoba ya isa Amurka a kan dala 299. Abin da ya ƙara masa farin jini shi ne ba gem kaɗai yake yi ba, yana kunna faifan DVD, a lokacin da na'urar DVD ita kaɗai take da ɗan karen tsada. Mutum ya sayi abin wasa, ya samu sinima a ɗaki. Har aka daina ƙera shi a farkon 2013, kuma a 2024 Sony ya tabbatar da cewa an sayar da guda sama da miliyan 160, adadin da ya sa shi a gaban duk na'urorin gem da suka gabace shi.

A wurinmu ba ta ƙofar falo ya shigo ba, ta ƙofar shago ya shigo, kuma sai da ya yi shekaru a hanya. Yawanci na hannu ne, wanda Turawa suka gama yayi. Matashi ya samu guda ɗaya ko biyu, ya haɗa da talabijin da ƙaramin janareta, shi ke nan an buɗe gidan gem. Ba a cika kallon fim da shi ba. Ƙwallo ake bugawa, Winning Eleven da Pro Evolution Soccer, wanda aka ci ya biya ko ya tashi. Zamanin da Kanu Nwankwo ke Arsenal, daga 1999 zuwa 2004, shi ya dasa wa matasanmu son ƙwallon Turai, gem ya zo ya yi masa ban ruwa.

Me ya haɗa wannan da fim? Aljihu ɗaya ne. 'Yan canjin da yaro zai kai gidan kallo don 'Mujadala' su ne yake kaiwa gidan gem. Da tafiya ta yi tafiya, masu gidajen kallo da dama suka kafa dish suka koma nuna ƙwallo, domin ta fi kawo ciniki. Nan fim ɗin Hausa ya fara komawa cikin gida, ya zama abin mata da yara, maza kuwa sai dai su kalla a ɓoye su fito suna kushewa.

NOKIA 3310: TA ZO KAFIN LAYI

A watan Satumba na 2000 kamfanin Nokia na ƙasar Finland ya bayyana wayar da har gobe ake ba da labarin ƙarfinta, wato 3310. Ba kyamara, ba kala, ba wurin sa memori, ko tocila babu. Amma ta faɗi ƙasa ta tarwatse gida uku, ka tattara ka haɗa, ta kama aiki kamar ba a yi ba. Caji ɗaya ya kai ka kwanaki. Ga wasan maciji, ga canza riga, ga wurin da mutum zai danna lambobi ya haɗa kiɗan kira da kansa. An sayar da guda miliyan 126, kuma saboda ƙaunar da ake mata aka sake fito da sabon samfurinta a 2017.

Abin dariya, ranar da aka haife ta babu layin da za ta hau a Nijeriya. Layukan tarho na ƙasar nan gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan ɗari. Mutumin Ɗanbatta da ke son magana da ɗansa a Legas sai dai wasiƙa, ko saƙon baka ta hannun direba, ko ya ɗauki muryarsa a kaset ɗin rediyo ya aika. Sai a watan Janairun 2001, zamanin Obasanjo, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya. A watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki. Layi kaɗai a lokacin ya kai naira dubu ashirin, kira kuwa naira hamsin minti ɗaya, ko da daƙiƙa biyar ka yi. Sai da Glo ya zo a watan Agustan 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa sannan farashi ya fara saukowa. Ita kuwa Econet ta yi ta canza suna kamar amarya na canza kaya: Vmobile, Celtel, Zain, har ta tsaya a Airtel a 2010.

Birane aka fara ba sabis, garuruwa irin namu suka biyo baya. Kafin ya zauna sosai, an sha hawa tudu da katanga ana ɗaga waya sama. Aka samu sana'ar 'yan lema, masu teburi da waya ɗaya ana biya a buga. Aka koyi filashin, a kira ka sau ɗaya a katse don kai ka kira. Samari kuma suka ƙware wurin haɗa kiɗan finafinai a waya, har akwai waɗanda ake biya su saka wa mutum. Wannan shi ne karo na farko da wani yanki na fim ɗin Hausa ya shiga aljihu ba tare da kaset ba, kuma ba wanda ya biya mai waƙa ko sisi. Ba a ɗauke shi komai ba a lokacin.

Su ma 'yan fim wayar ta yi musu rana. Kafin zuwanta, in za a fita lokeshin sai an bi 'yan wasa gida-gida a kan babur, wanda ba a samu ba a bar masa sallahu. Da ta zo sai aiki ya yi sauri. Sai dai ta zo da nata ciwon kan: lambar jarumi ko jaruma ta fita, shi ke nan ba barci.

Wani abin alfahari ga mutanen wannan yanki shi ne, hukumar nan da ta yi gwanjon lasisi, daga baya ɗan garin ne ya riƙe ta. Farfesa Umar Garba Ɗanbatta ya shugabanci NCC daga 2015 zuwa 2023, kuma a ƙarshen 2023 alƙaluman hukumar sun nuna layukan da ke aiki sun haura miliyan 220.

KAREN ROBA DA SILIMAR KWALI

A ɓangaren yara ma shekarar ta zo da nata. A Amurka wani ɗan keken tsaye mai ƙananan ƙafafu biyu, mai suna Razor, shi ya haukata yara. Ka ɗora ƙafa ɗaya, ka tura da ɗaya. Cikin wata shida an sayar da sama da miliyan biyar. Kamfanin Sega Toys na Japan kuma ya fito da Poo-Chi, karen roba mai batir, yana haushi, yana zama, yana rera waƙa, idanunsa na canzawa su nuna murna ko fushi. Shi ma an sayi miliyoyi.

To waɗannan dai ba su ga hanyar Ɗanbatta ba, sai fa ɗaiɗaiku a gidan wanda ya dawo daga waje. Ƙafar Razor ba ta san rairayi ba, titi mai santsi take so. Kare kuwa, ko na gaske ba a shigar da shi ɗaki a ƙasar Hausa, balle a sayi na roba da kuɗin buhun hatsi. Yaran lokacin suna da nasu: motar kara, motar gwangwani mai ƙafar silifa, garen taya, 'yar tsana, bindigar ruwa da gilashin roba ranar Sallah, sai ɗan gem ɗin nan mai jera bulo. In alhazai sun dawo, a samu 'yar kyamarar roba da ake leƙawa ana dannawa, hotunan Makka da Madina na wucewa.

Amma wasan da ya fi dacewa da wannan shafi shi ne silimar kwali. Yara su samu kwalin sabulu ko na madara, su yanke gabansa su manna farar takarda, su yanka mutum-mutumi da kwali su soke a tsinke, a kunna kyandir ko tocila a baya. Da daddare a zaure ake nunawa, mai silima yana motsa su yana yin muryar kowa, har da kiɗa da baki, kuɗin shiga kuwa ƙwallon dabino ko 'yar alewa. Yaran da suka yi wannan ba su rasa komai ba don ba su ga Poo-Chi ba. Shi karen Japan abin da aka saka masa kawai yake maimaitawa, cikin 'yan shekaru aka daina yin sa. Su kuwa labari suke ƙirƙira.

ƊAN HAKIN DA KA RAINA

Yanzu mun zo kan 'yan autan shekarar, su uku, waɗanda ko a can inda aka yi su ba su yi ƙarar PlayStation ba.

Na farko filashi. A 2000 wani kamfanin Singafo mai suna Trek ya fito da ThumbDrive, a watan Disamba kuma IBM ya fara sayar da nasa mai suna DiskOnKey a Amurka. Cikinsa megabayit 8 ne kacal, wato da ƙyar ya ɗauki waƙar fim biyu. Duk da haka ya ninka faifan fulofi na lokacin fiye da sau biyar.

Na biyu katin memori na SD, wanda kamfanoni uku, SanDisk da Panasonic da Toshiba, suka haɗa kai suka yi. Sun sanar da shi a 1999, ya shiga kasuwa a 2000, na farko-farkon masu megabayit 32 da 64. Girmansa kamar kan sarki na wasiƙa. Ƙaninsa, ɗan ƙaramin da muke sa wa a waya, microSD, sai a 2005 ya samu wannan suna.

Na uku waya mai kyamara. A watan Nuwamba na 2000 kamfanin Sharp ya fito da J-SH04 a Japan, ɗaya daga cikin wayoyin farko da mutum zai ɗauki hoto ya aika wa wani nan take. Hoton dishi-dishi ne, in ka gan shi yau sai ka yi dariya, kuma ba a sayar da ita a wajen Japan ba.

A lokacin da waɗannan ke rarrafe, mu nan faifan CD muke yi wa maraba. Na'urorin VCD 'yan Chana masu araha suka cika kasuwa a shekarun da suka biyo baya, kaset ya fara ja da baya. Faifai ya fi kaset sauƙin ɗauka, ya fi shi sauƙin gurzawa, don haka masu satar fasaha suka samu abin da suke so. Furodusoshi suka yi ta kuka. Amma ko a lokacin akwai kwali, akwai faifai, akwai shagon da za a je a kama mutum da kaya a hannu.

Sannu a hankali 'yan ukun nan suka girma, suka haɗu a wuri ɗaya. Cikin memori ya tashi daga megabayit zuwa gigabayit, farashinsa ya faɗi. Wayoyin Chana suka shigo a ƙarshen shekarun 2000, masu layi biyu, masu ƙarar lasifika, masu wurin sa memori, kuma talaka na iya saye. Aka gano yadda ake matse fim ya koma 3GP ya shiga waya. Bulutut ya ba da damar tura wa aboki kyauta, daga baya Xender ta zo ta ƙara sauri. Mai kwamfuta ɗaya a bakin kasuwa ya sayi faifai ɗaya, ko ma ya karɓo a filashi, ya tura wa mutum ɗari.

A nan ne lissafi ya rushe. Fim ya rabu da kwali. Abin da furodusa ke ƙirgawa ya san ribarsa ya ɓace, domin fim ya zama abin da ba a gani, ba a riƙewa, kuma in ka ba wani naka bai ragu ba. Ga mutumin karkara kuwa abin ya zo daidai da zamansa. Bidiyo da na'urar CD suna son wuta, suna son talabijin, suna son ɗaki. Waya ba ta son komai sai cajin 'yan naira a shago. Manomi a gona lokacin hutun rana, Bafulatani a bayan shanu, matar aure a ɗakinta, ɗan acaba a inuwa, kowa ya samu sinimarsa. A yanki irin Ɗanbatta, mai mutum sama da dubu 200 a ƙidayar 2006, galibinsu a ƙauyuka da ke kusa da juna, fim ɗaya kan iya zaga gari da ƙauyukansa kafin wata Lahadin ta zagayo. 'Yan kallo suka ƙaru fiye da kowane zamani, kuɗin da ke komawa ga masu fim ya ragu. Shagunan kaset da faifai na Ƙofar Wambai da Bata suka yi ta rufewa ko canza sana'a, manyan 'yan kasuwar da a da ake layi a ƙofarsu suka koma sayar da wasu kayan.

Ita ma kyamarar waya ta nuna wa industiri ƙarfinta tun kafin nan. A watan Agustan 2007 wani hoton bidiyo na sirri da aka ɗauka da waya ya bazu a Kano daga hannu zuwa hannu. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban Hukumar Tace Finafinai, aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni har cikin 2008, 'yan fim da dama suka koma Kaduna da wasu garuruwan. Dubban mutanen da ba su ji ba ba su gani ba suka rasa abin yi. Shekara bakwai kacal tsakanin wannan da 'yar wayar Sharp mai hoto dishi-dishi.

RIBA DA ASARA

Kada a ce mun ɗora wa memori da waya laifi kawai. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, kuma 'yan fim sun canza. Tashar Africa Magic Hausa ta buɗe a 2010, Arewa24 a 2014, suka zama sababbin masu sayen fim. 'Daɗin Kowa' da 'Kwana Casa'in' suka koya wa jama'a bin shiri mai dogon zango. A 2020 'Izzar So' na Lawan Ahmad ya nuna cewa ana iya sakin shiri a YouTube a samu miliyoyin 'yan kallo, 'Labarina' na Aminu Saira shi ma ya kafa nasa tarihin. Ita wayar da ta kashe kwali ita ce yanzu ke ƙirga 'yan kallo ɗaya bayan ɗaya. Yaron 'Sangaya' kuma, Ali Nuhu, a watan Janairun 2024 aka naɗa shi shugaban Hukumar Shirya Finafinai ta Nijeriya.

Haka nan ƙofar shiga sana'ar ta faɗaɗa. A 2000, matashin Ɗanbatta mai sha'awar fim sai ya tafi Kano ya yi ta zarya a ofisoshin furodusoshi, wataƙila a sa shi a bayan jarumi ya wuce sau ɗaya. A yau wayar da ke aljihunsa ta fi kyamarar da aka ɗauki finafinan wancan zamani fitar da hoto. Jikokin masu silimar kwali suna ɗaukar wasan barkwanci a bakin kasuwa ko a gefen dam ɗin Thomas, su tace a waya, su saki, a gani har Kumasi da Jidda.

Sai dai akwai asarar da ba a cika magana a kanta ba. Kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera bidiyon kaset, ya daina a 2016. Zaren kaset kuwa ba ya son zafi, ba ya son ƙura, ba ya son danshi, mu kuma ukun nan duk muna da su. Finafinai da yawa na shekarun 1990 da farkon 2000 suna kan kaset ne kawai. A cikinsu akwai fuskoki da muryoyin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya: Balaraba Muhammad da ta rasu a 2003, Ahmad S. Nuhu a 2007, Hauwa Ali Dodo a 2010, Rabilu Musa Ibro a 2014, Allah ya jiƙansu da rahama. Abin da aka juya aka sa a intanet ya tsira, ko da hoton ya dusashe. Wanda ba a juya ba yana can a ƙarƙashin gado ko a cikin buhu a rumbu, gara da ƙura na aikinsu.

SAURA KAI, MAI KALLO

Don haka muna da roƙo biyu ga masu karatunmu na Ɗanbatta da Makoɗa da Kazaure da Ɓaɓura da duk inda wannan mujalla ta isa.

Na ɗaya, in akwai tsofaffin kaset a gidanku, kada a bai wa yara su ja zaren su yi wasa, kada a zubar. A kakkaɓe su, a adana a inuwa tare da kwalayensu, a nemi masu juyawa zuwa kwamfuta, a kuma sanar da masu fim ɗin in suna raye, domin wani furodusan shi kansa ba shi da kwafin aikinsa.

Na biyu, in shirin da kake so yana tashar masu shi a YouTube ko a manhajar da suka sa shi, kuma kana da halin data, to ka kalla a can. Kallon nan naka shi ne kwalin wannan zamani, da shi ake biyan mai kyamara da mai fitila da mai dafa abincin lokeshin. Su ma masu tura fim 'yan'uwanmu ne, sana'a suke nema, da ita wasu ke ciyar da iyaye. Abin da ya dace shi ne su da furodusoshi su zauna su daidaita yadda kowa zai samu haƙƙinsa, tunda dai in rijiya ta ƙafe, mai guga ma ya rasa.

Sa'o'in 'Sangaya' dai yanzu sun haura shekara ashirin. Razor da Poo-Chi ba su san da mu ba, mu ma ba mu yi kewarsu ba. PlayStation 2 ya tsufa a gidajen gem, 3310 ta zama abin ba da labari. Ɗan memorin da ba wanda ya yi wa kallo biyu shi ne har yau ake ƙullewa a leda a kawo kasuwa ranar Lahadi. Allah ya ba mu ikon amfani da kayan zamani ta hanyar da ba za mu ci haƙƙin kowa ba, amin.